Mesa mai zanen darduma ko mai dunƙulewa: wacce za a ajiye a gida?

Duka biyun ba su da dafi, matse abin da suka kama suke yi. Daga nan hali ya bambanta.

Mai zanen darduma asalinta Ostareliya da tsibirin Niyu Gini. Takan kai mita 2 zuwa 3, kuma mahayiyar itace ce, don haka sai an yi mata keji mai tsayi da rassa a ciki. Tana ƙarama akwai saurin sara, amma in ta saba da hannu takan lafa. Wajen ci kuwa ba ta da matsala, ɓera na zuwa ta cafke.

Mai dunƙulewa tamu ce ta Afirka ta Yamma, daga Gana, Togo da Binin ake fitar da ita. Da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. In ta tsorata sai ta naɗe kamar gammo, ta ɓoye kai. Aibinta ɗaya: takan yi watanni ta ƙi cin komai, mai ita ya rasa sukuni.

A ganina sabon shiga ya fara da mai dunƙulewa. Amma a Ostareliya doka ta hana ajiye ta, ko mai zanen darduma da take ta ƙasar ma sai da lasisi.