Hutunmu a Alaska ni da maigida, abin da ya biya kuɗinsa da wanda bai biya ba

Duk wanda yake zaune a Amurka ko Kanada yana tunanin inda zai kai iyalinsa hutu, ko ma daga gida ne in Allah Ya hore kuma akwai biza, ni dai a wajena jihar Alaska ta Amurka ta cancanci a je, amma a je da sanin abin da ake biya wa kuɗi. Mu ta hannun wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido muka tafi ni da Abban yara a ƙarshen watan Yuni, yaran muka bar su wajen ƙanwata, kamfanin su suka haɗa mana komai, masauki da tikitin jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa, mu namu kawai mu kai kanmu birnin Anchorage. Kuɗin kam ba wasa ba, Alaska komai nata da tsada saboda yawancin kaya daga nesa ake kawo su, ga lokacin baƙi gajere, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba shike nan, to a 'yan watannin nan kowa yake neman na shekara.

Daga Anchorage jirgin ƙasa muka shiga da safe zuwa Denali, kusan awa takwas, a hankali yake tafiya ga manyan tagogi kina ganin daji da koguna ba iyaka, har ya bi ta kan wata gada a Hurricane Gulch mai tsayin ƙafa 296, da na leƙa ƙasa sai da na riƙe hannun oga. Wannan tafiyar ba ni da ƙorafi a kanta ko ɗaya.

Gandun dajin Denali tun 1917 aka kafa shi, girmansa ya kai eka miliyan 6, amma hanya guda ɗaya tal ce ta shiga cikinsa mai tsawon mil 92, kuma motar gida iyakarta mil na 15, daga nan sai bas. To ga inda raina ya ɓaci da kamfanin nan. Tun watan Agustan 2021 ƙasa ta zaftare a wani wuri da ake kira Pretty Rocks, ƙanƙarar da ke riƙe da ƙasar ƙarƙashin hanyar ce take narkewa har hanyar ta dinga zamewa, don haka lokacin da muka je bas a mil na 43 yake juyowa ana aikin gada. Su kuwa takardar da suka turo mana cike take da hotunan tafkin Wonder Lake da dutsen Denali yana haskawa a cikin ruwa, alhali wurin yana can mil na 85 ba yadda za a yi bas ya kai ka. Ba su faɗa mana ba sai da muka isa muka ji a bakin direba. Wannan ba daidai ba ne, mutum ya tara kuɗinsa wata da watanni ai ya kamata a gaya masa gaskiya ya zaɓa da kansa.

Duk da haka bas ɗin nan shi ne zuciyar tafiyar gaba ɗaya. Iri biyu ne, akwai mai ruwan ƙasa wanda direba yake bayani tun daga tashi har dawowa, akwai kore mai sauƙin kuɗi wanda za ki iya sauka a hanya ki taka da ƙafa ki tari wani in da gurbi. Mu na bayanin aka saka mu. Direbarmu wata dattijuwa ce da ta daɗe tana bin hanyar, tun farko ta ce duk wanda ya hango dabba ya ɗaga murya ta tsaya, amma da zarar ta kashe mota kowa ya yi shiru kuma kar a fitar da hannu ta taga. Wanda ya saba da Yankari inda birai za su zo har bakin ɗakinka su wafce maka leda, nan ba haka ba ne, dabbobin nesa suke kuma ba ruwansu da kai, in ba ka da madubin hangen nesa to farin ɗigo kawai za ka gani a saman dutse a ce maka tumakin dawa ne. Ku sayi madubin tun kafin ku taho, kuma kowa da nasa, don in dabba ta fito ba lokacin miƙa wa juna.

Wajen Sable Pass, kusan mil na 39, wani yaro a bayanmu ya yi ihu, ashe beyar ce, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, uwa da 'ya'yanta biyu a gangaren tudu ba nisa da hanya. Gashinta fari-fari ne kamar busasshiyar ciyawa, ga wani tozo a kafaɗa, tana ta tonon ramin kurege da farata, ƙasa tana tashi ta bayanta, sai ta cusa kai cikin ramin ta fito da hanci duk turɓaya ta koma wani gefen ta ci gaba da tono, 'ya'yan kuma ɗaya yana kwaikwayonta ɗayan yana ta hawa bayan ɗan'uwansa suna gangarowa. Mutum wajen hamsin a mota amma ba ka jin komai sai ƙarar kyamara. Abban yara ya matso kunnena ya ce Hajiya kin ga ikon Allah, ni ko bakina Subhanallahi kawai yake maimaitawa. Direbar ta ce irin na cikin Denali ba su kai na bakin teku girma ba saboda ba su samun kifi sosai, saiwa da 'ya'yan itace da kurege ne abincinsu. Mun ga karibu, wasu dangin barewa masu manyan ƙahoni, sun hau kan ragowar ƙanƙara suna gudun ƙudaje, mun ga mus da jaririyarta kusa da ƙofar shiga, wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ta fi doki tsayi. Kyarkeci dai ba mu gani ba, dama an ce sai mai sa'a.

Shi kansa dutsen, wanda ya fi kowane tsayi a Arewacin Amurka da ƙafa 20,310, yawancin lokacin bazara gajimare ne ke rufe shi, mutanen wurin suna cewa cikin baƙi goma, uku ne kawai ke ganinsa. Mu mun gan shi da sassafe na ɗan lokaci kafin ya sake ɓuya, fari tas, ya kere duk duwatsun da ke gabansa har na ɗauka gajimare ne sai da aka nuna min. Akwai kuma gidan karnukan da ke jan keken ƙanƙara na ma'aikatan gandun, kyauta ake kallo, da su suke sintiri lokacin hunturu.

Dokar wurin ita ce tsakaninki da beyar yadi 300, sauran dabbobi yadi 25, kuma in za a shiga daji da ƙafa a riƙe feshin barkono, ana saya ko haya a can don ba a shiga jirgin sama da shi. Mun zaga gefen kogin Savage da wani ɗan jagora matashi, ya ce mu dinga magana da ƙarfi don kar mu yi wa dabba ba-zata, kuma in beyar ce kar a gudu, in mus ce ta taso a gudu a ɓuya bayan bishiya. Sauro kuwa akwai shi manya, a zo da magani da riga mai dogon hannu.

Masaukin da suka ba mu a Denali sai a hankali. An rubuta kusa da gandun yake, ashe sai an jira motar masauki ta kai mu, labulen ɗakin kuma shara-shara a garin da dare ba ya yi, sai bargo muka rataya a taga. Mun gaya musu tun wajen biya cewa ba ma cin naman alade amma karin safe kullum shi ne a gaba, sai ƙwai da burodi muka dinga lallaɓawa. Shawagin ƙaramin jirgin sama da muka biya daga garin Talkeetna an soke saboda hazo, wannan ba laifin kowa ba ne, amma kuɗinmu sai da oga ya yi ta kira da tura saƙo bayan mun dawo gida kafin suka maido.

Maganar sallah, don na san za a tambaya. A Anchorage ƙarshen Yuni rana tana faɗuwa wajen 11:40 na dare ta fito wajen 4:20, hasken rana sama da awa 19, kuma ko ta faɗi gari ba ya yin duhu sosai balle a ce shafaƙi ya ɓace. Mu mun tambayi malaminmu kafin tafiya, a matsayinmu na matafiya muka dinga ƙasaru muna haɗa magariba da isha'i, kowa dai ya tambayi nasa malamin. Akwai masallaci a Anchorage, Abban yara ya samu Juma'a a can ya haɗu da 'yan Gambiya da Somaliya da Fakistan. Abinci kuma kifi ne mafita, samon da halibot sabo daga ruwa, na tafi da yajina a jaka ya yi min rana ƙwarai. Sai dai a yi tambaya, soyayyen halibot sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa, miyar kifinsu mai kauri ana saka mata naman alade, tsiran barewar da ake sayarwa a bakin titi ma yawanci haɗe yake da alade.

Daga nan muka gangara kudu zuwa Seward, nan ne jirgin ruwa ya kai mu cikin gandun Kenai Fjords, wajen awa shida a ruwa. A sha maganin jiri awa ɗaya kafin a shiga, don idan jirgin ya fita daga mashigin Resurrection ya doshi buɗaɗɗen teku igiyar ruwa ba ta da sauƙi, na ga mutane da yawa sun kwanta riƙe da leda sun rasa rabin kallon. Mun ga karen ruwa kwance rigingine yana yawo a saman ruwa, mun ga kifin wel ya feso numfashi ya ɗaga wutsiya ya nutse, ga tsuntsaye dubbai a jikin duwatsu.

Da muka isa gaban ƙanƙarar Aialik kyaftin ya kashe inji. Bango ne na ƙanƙara a tsaye cikin teku, wani wurin fari wani wurin shuɗi mai haske, iskar da ke busowa daga jikinsa tana ratsa rigar sanyi biyu da rigar ruwa da na saka. Sai ki ji ƙara tas kamar an harba bindiga ki duba ba ki ga komai ba, can sai wani ɓangare mai girman gida ya ɓalle ya faɗa ruwa, idonki ya riga ya gani kafin ƙarar ta iso kunnenki, sannan igiyar ta zo ta girgiza jirgin. Wani ma'aikaci ya sa raga ya ɗebo guntun ƙanƙarar aka dinga miƙa wa juna, garau take ana ganin 'yan kumfar iska a ciki, hannuna har ya yi ja kafin na miƙa wa oga. Washegari muka je Exit Glacier, nan ne kaɗai mota ke kaiwa a gandun, an kakkafa alluna ɗauke da shekaru a inda bakin ƙanƙarar yake a da, kina wuce 1917 kina wuce 1951 kina ta tafiya cikin bishiyoyi ƙanƙarar tana can gaba da nisa, abin ya taɓa min zuciya sosai.

Kamfanin nan ba zan sake bi ta hannunsu ba, duk da jagororin da muka haɗu da su mutanen kirki ne sun cancanci tukwicin da muka ba su. In Allah Ya sa za mu koma da yara, da kanmu za mu kama tikitin jirgin ƙasa da koren bas da jirgin ruwan tun watanni kafin lokaci don suna cika da wuri, mu binciki ko an buɗe hanyar bayan mil na 43, kuma ƙarshen Agusta za mu zaɓa, lokacin sauro ya ragu, ciyayin tuddai sun koma ja, dare kuma ya dawo mutum ya samu barci.