Gargaɗi ga masu kiwo: a kula da masu tallar tsohon injin tara ciyawa a Facebook

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo da masu sana'ar harawa. Da zarar kaka ta ƙarato, sai ka ga shafuka suna ta ɓullowa a Facebook da WhatsApp ana tallar manjagarar tarakta, wato injin da ke tattara yankakkiyar ciyawa ya jera ta layi-layi. Wai tsohon ƙarfe ne ɗan Beljiyam, ga araha kamar kyauta. Don Allah a yi hattara, damfara ta shigo harkar, kuma fuska biyu gare ta.

Ɗan damfara na farko ma ba shi da kayan kwata-kwata. Hoto yake ɗebowa daga shafukan gwanjon kayan noma na Amurka ko Ingila, galibi New Holland 256 ko Vicon Acrobat ko PZ Haybob, ya ce suna cikin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas, kuɗin kwastam kaɗai ya rage. Zai nemi kafin alƙalami, ya turo lambar asusu mai sunan wani dabam, ya ce na yaronsa ne. Kana turawa sai wani kuɗin ya taso, na lodi, na direba, daga nan waya ta daina shiga. Ka duba bayan hoton da kyau: rumbun katako irin na Turawa, ciyawa shar, wani lokaci har da ƙanƙara a ƙasa. Ka saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa zai nuna maka inda aka sato shi. Ka kuma ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye jikin injin, ya juya ƙafar injin da hannunsa. Nan za ka fara jin labarin rashin sabis.

Na biyun ya fi haɗari, domin shi kayan na nan, za ka gani ka taɓa. Haɗin gida ne aka yi a wurin mai walda, aka fesa jan fenti da ruwan ɗorawa, aka manna farantin suna da sabbin ƙusoshi a jikin ƙarfen da ake cewa ya shekara arba'in. Ba ina kushe masu waldarmu ba ne. Akwai masu ƙera garma da injin casa masu kyau, kuma za su faɗa maka gaskiya cewa aikinsu ne, a yi ciniki a kan haka. Zaluncin shi ne a sayar maka da haɗin gida da suna da farashin na waje.

Haƙoran injin su ne ke tona asiri. Na asali ƙarfe ne mai tsalle, galibi an naɗe gindinsa kamar sifirin, an ɗaure da noti yadda za a iya canza ɗaya in ya karye. Ka ja shi da hannu ka saki, zai koma mazauninsa. Na jabu rodin gini ne aka yanka aka liƙa da walda. Ka lanƙwasa shi, a lanƙwashe zai tsaya. In ya ci karo da dutse ko kututture sai ya ɓalle ya faɗa cikin ciyawa, kuma saniya ba ta tsince abinci, haɗiyewa take yi. Guntun ƙarfe ko waya na iya huda tumbinta har ya kai kusa da zuciya. Ka ga an tashi daga asarar inji an koma asarar saniya.

Ka yi masa tambayar da mai kaya na gaskiya ba zai yi inda-inda a kanta ba: me ke juya injin? New Holland 256 tayoyinsa ne ke juya shi yayin da ake ja, Acrobat kuwa ƙafafunsa masu haƙora ne ke gurzar ƙasa su juya da kansu. Haybob shi ne ke buƙatar sandar PTO, wato sandar da injin tarakta ke juyawa, mai juyi 540 a minti. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, bai taɓa shiga gona da su ba. Ka leƙa akwatin giya kuma, don wasu aksul ɗin tsohuwar mota suke sakawa su rufe da fenti da giris.

Wani abin da ba za su faɗa maka ba: waɗannan injina don shimfiɗaɗɗen fili aka yi su, irin makiyayar da aka shuka gamba ko aka bar kyasuwa. Gonar wake ko gyaɗa mai kunya ba wurinsu ba ne, za su yi ta tsalle suna kwaso ƙasa, busasshiyar harawa kuma ganyenta ya kakkaɓe a bar ka da kara. Duk mai ce maka yana aiki a kowace gona, kuɗinka kawai yake so.

Kada sisi ya fita sai ka je da bakanike, an ɗaura injin a bayan tarakta an ja shi a fili a gabanka, an rubuta rasit da shaidu. Wanda kuwa ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar, ya adana hirarrakin da shaidar biya, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.