Daga Kano: Sauka Jidda ko Sauka Madina?

Hajiya, kin tambaya wanne ya fi nisa daga Kano, Jidda ko Madina, kuma wanne zai fi wa Baba sauƙi tunda ƙafarsa na damunsa. Allah ya ƙara masa lafiya.

A sama dai bambancin bai taka kara ya karya ba. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe. Zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kuwa, wajen 3,550. Ratar kilomita 150 a jirgin da ke cin fiye da 800 a awa ɗaya, ai kafin Baba ya gama shan shayinsa an cinye ta. Duka biyun tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa biyar idan jirgi bai yada zango ba. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage kan yi zagaye don kauce wa sararin ƙasar, saboda haka ki ƙara lokaci a lissafinki. Kada kuma tikiti ya ruɗe ki: Saudiyya na gabanmu da awa 2, idan kin ga tashi ƙarfe 10 sauka ƙarfe 5, ba awa bakwai za a yi a sama ba.

Inda maganar take shi ne bayan an sauka. Wanda ya sauka Jidda ya kusa Makka, bai wuce tafiyar kilomita 100 a mota ba. Amma da harami zai iso, don yawancin mutanenmu tun a Kano suke ɗaurawa, su yi niyya a sama idan an sanar da kusantar mikati. Ki dubi dattijo da mayafi biyu, kai ba hula, sanyin jirgi na dukansa tsawon awa biyar, ga layin duba fasfo, ga ɗawafi da sa'ayi suna jiransa. Matashi zai jure, shi Baba fa?

Wanda ya sauka Madina kuwa da kayansa na gida zai sauka, ya kwana, ya yi ziyara a natse. Sai ranar wucewa Makka ya yi wanka a masauki, ya ɗaura niyya a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, nan bakin gari. Kuɗin wannan hutun shi ne kilomita 450 da ke tsakanin biranen biyu: a bas abin ya kai awa biyar ko shida, a jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018 kuwa wajen awa biyu da rabi.

Da mahaifina ne, Madina zan kai shi, in saya masa tikitin jirgin ƙasa. Amma ki tambayi wakilinku tukuna ko jirgin Madinar kai tsaye yake. Idan sai an kwana zaman jira a Alkahira ko Addis Ababa, to gara Jiddar, a sa masa bargo a jakar hannu.