Kayan awon laima da na sayo a Yamai: fari za ku nema, ba shuɗi ba

Ni malamin fizik ne a wata lise a nan Tawa. Abin da ya sa na sayi kayan nan tambayar wata ɗaliba ce a ajin tarminal. Ta ce: "Mushe, me ya sa manyan wayoyin lantarki ke tsuwa da damina, in rani ya yi kuma su yi shiru?" Na ba ta amsa da alli a allo, amma na ga a fuskarta ba ta gamsu ba. Da hutu ya zo na shiga Yamai, na sami wani ƙaramin shagon kayan lantarki, na ce wa mai shagon ya harhaɗa mini abin da zai auna laima a cikin rufaffen akwati.

Jika 18 na biya. Ya ba ni allon Arduino Uno (ƴar ƙaramar kwamfuta mai karanta na'urar awo), ɗan gilashin da ke nuna lambobi, wayoyi, na'urar fesa hazo mai aiki da USB, da ƴar na'urar jin laima. Saurayin ya san aikinsa, gaskiya. A gabana ya zuba manhajar, ya hura wa na'urar numfashi na ga lamba ta hau. Inda muka saɓa wuri ɗaya ne. Shuɗiyar na'urar jin laima ya miƙo mini, DHT11, ya ce: "Malam, wannan kowa ke ɗauka, ta fi araha." Na ce fara nake so, DHT22, ko da ƙarin kuɗi. Shuɗiyar daga kashi 20 cikin 100 take fara karatu, kuskurenta kuma ya kai kashi 5. To, iskar Tawa a watan Maris ƙasa da 20 take, har leɓe na tsagewa. Me shuɗiya za ta gaya wa yarana? Farar daga 0 take har 100, tana sabunta lamba kowane daƙiƙa 2. Duk wanda ke koyarwa a Adar, kada a lallashe shi a kan wannan.

Kafin na kai ta aji na gwada gaskiyarta da gishiri. A jiƙa gishiri a murfin kwalba ya yi kamar laka, a rufe shi da na'urar a gwangwani ya kwana; laimar ciki za ta tsaya wajen kashi 75. Farin gishirin miya nake nufi, ba kantun Bilma ba, shi a gauraye yake. Da safe na tarar da 73. Na yarda da ita.

Ga yadda muka yi a aji. Mun sami ɓallin gilashin taga a madadin faya-fayan nan da ke rataye da waya a jikin turke, masu hana wuta zurarewa ta turken zuwa ƙasa. Muka manna masa takardar alminiyo biyu, tsakaninsu santimita ɗaya, muka haɗa da batir mai volt 12 da mita a ma'aunin mikro'amfa, wato mai auna ɗan ƙanƙanin gudun wuta, muka sa shi cikin akwati tare da na'urar awo. Da gilashin na da tsabta, ko da hazo ya cika akwatin roba, mita da ƙyar ta motsa. Sai muka barbaɗa masa ƙurar da yara suka kankaro a tagar aji, haɗe da ɗan gishiri, muka bari ya bushe. A bushe, sifili. Muka kunna hazo. Laima ta wuce 50, ta wuce 60, ba labari. Tana haura 75 ƙurar ta yi duhu kamar an shafa mata mai, lambobin mita suka shiga hawa ba tsayawa. Ajin ya yi tsit, sai wani yaro a baya ya ce: "Wallahi wutar zurarewa take!" Ba ni na faɗa ba, shi ya gani. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan faifai wata da watanni, raɓar farkon damina ta jiƙa ta, wuta ta sami hanyar bi zuwa ƙasa.

Inda kayan suka gaza: na'urar hazo ta yi wa ƙaramin akwati ƙarfi. In feshin ya bugi na'urar awo kai tsaye sai ta maƙale a 99, a daɗe ana jira ta bushe. Soso jiƙaƙƙe a kusurwa ya fi ta, laimar na hawa a hankali, yara na samun damar rubutawa. Wayoyin haɗi kuma sirara ne, biyu sun tsinke a mako na farko.

Kada kuma mai saye ya ɗauka zai ga tsuwar da ɗalibata ta tambaya. Ita masana lantarki ke kira korona: iskar da ke gefen waya ce ke karyewa, wato ta fara ɗaukar wuta, idan ƙarfin lantarkin ya kai wajen kilovolt 30 a kowane santimita, ɗigon ruwa a jikin waya kuma na ƙara ta. Wannan sai irin layin kilovolt 132 da ke kawo wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, ba abin kusanta da ƴaƴan mutane ba ne. Na kuma jaddada musu cewa mafi yawan asarar layi zafin waya ne, wanda ke ninkuwa huɗu in ƙarfin gudun wuta ya ninka biyu.

Abokin aikina na Ƙonni ya ce in aiko masa da irinsu. Na ce wa mai shagon ya haɗa, fara biyu, ya cire na'urar hazo.