Tabarau na Kariya ko Gogul: Wanne Ya Fi Tsare Ido?

Dukansu biyu akan yi idonsu da polikabonet, roba mai ƙarfi wadda ba ta tarwatsewa kamar gilashi idan ƙarfe ya buge ta. Bambancin yana ga yadda suke zama a fuska.

Tabarau ba shi da nauyi, iska na ratsa shi, mutum zai wuni da shi bai gaji ba. Ga kafinta, wanda ɓarɓashin katako ke taso masa ta gaba, ya wadatar, musamman mai kariya a gefe biyu. Amma yana barin rata sama da ƙasa.

Wannan ratar ce ta sa nake fifita gogul duk inda ake aiki da sinadari ko ƙura mai laushi. Yana manne wa fata ta ko'ina, igiyar roba ta riƙe shi a ƙeya. Ruwan batir da garin siminti suna ƙona ido cikin ɗan lokaci, kuma ba ta gaba kaɗai suke zuwa ba. A lura da ƙofofin iskarsa: mai huji a buɗe ɓarɓashi kawai yake tarewa, na sinadari kuwa an lulluɓe hujinsa don kada ruwa ya shiga kai tsaye. Aibinsa zafi da tururi, shi ya sa ma'aikata ke tura shi goshi ana tsaka da aiki. Nemi mai shafin hana tururi.

Kowanne za ka saya, duba tambarin da ke nuna ya cika ƙa'idar inganci: Z87+ na Amurka ko EN 166 na Turai. Waldar lantarki kuwa sai hular walda mai baƙin gilashi.