Diril mai batir bayan wata takwas a hannuna, abin da yayi da abin da ya gagare shi

Jama'a tun wancan lokacin da nace zan sayi diril, injin nan na huda bango da ɗaure sukuru, mutane ke tambayata wai ya ya kaya, to ga bayani yanzu da na ɗan daɗe dashi. Ban so nayi magana tun satin farko ba saboda sabon abu ko tsintsiya ce sai kaji ana yabonta, sai da ya sha aiki tukuna.

Abin da ya sa na saya kuwa ɗakin ajiyarmu ne. Ɗakin nan ya zama bola wallahi, kwalaye kan kwalaye, tsofaffin takalma, fanka da ta mutu tun shekara uku ana cewa za'a gyara, in kana neman abu ɗaya sai ka fito da rabin ɗakin waje. Maman yara kullum maganarta ɗaya, a kafa kanta a bango a ɗaga kayan nan daga ƙasa, ni kuma kullum nace sai na samu kafinta, kafintan kuma in ka kira shi kan aikin kanta uku sai yace gobe, goben da bata zuwa. Rannan dai nayi zuciya na sayo.

Wanda na saya mai 18V ne, batir biyu masu 2.0Ah (Ah ɗin shine ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), caja ɗaya, da jaka, sai wasu bakuna, wato ƙarafan huda da ɗaure sukuru da ake sa masa a gaba, da suka zuba a ciki kamar kyauta. Kafin na manta, in kaga wani an rubuta masa 20V Max kar ka ɗauka ya fi mai 18V ƙarfi, abu ɗaya ne. Ƙwayoyin batir biyar ne a ciki, kowacce 3.6V, in ka haɗa 18 kenan, amma da ka cire daga caji kowacce tana kaiwa 4V shine suke rubuta 20. Ni kaina saura kaɗan wannan rubutun ya ruɗe ni.

Wajen katako da ɗaure sukuru bani da abin cewa sai yabo. Ranar farko ƙofar kabad ɗin kicin da ta shekara tana lilo na ɗaure ta cikin minti biyu, na koma kan hannun durowa, na koma kan ƙafar gadon yara da ke ƙara duk dare, kai har nema nake ina ne kuma sukuru ya saki a gidan nan. Wanda ya taɓa ɗaure sukuru talatin da sukudireba har tafin hannunsa ya yi bororo shi zai gane abin da nake faɗa.

Amma abin da nake so na tsaya a kai, wanda babu wanda ya gaya min kuma takardar cikin kwalin ma layi ɗaya ta bashi, shine zoben nan mai lambobi da ke bayan bakin. Nawa daga 1 yake zuwa 20, sai hoton bakin huda, sai hoton guduma. Da farko na ɗauka gudu yake ƙarawa, na murɗa shi can ƙarshe nace ai gara ƙarfi, ashe shine ke cewa diril ɗin tsaya haka ya isa. In ka sa shi a ƙaramar lamba, da sukurun ya zauna zakaji yayi tarrr ya saki, ba zai ƙara tura shi ba. Ni da ban sani ba na kama hinjin wadrob, irin katakon nan na garin katako da aka matse, na danna, sukurun ya shige ya cinye ramin gaba ɗaya ya koma yana juyawa a banza, ƙofar ta dawo hannuna. Sai da na cusa tsinken ashana uku da gam na katako a ramin na bar shi ya kwana sannan ya sake kamawa. Tun daga ranar a 5 ko 6 nake farawa, in bai shige ba na ƙara biyu, haka haka har ya zauna daidai. Maɓallin sama mai 1 da 2 shine na gudu, 1 a hankali amma da ƙarfi na sukuru, 2 da sauri na huda.

Wani abin kuma kan sukuru iri biyu ne masu kama da juna, akwai mai gicciye kawai, akwai mai gicciye da wasu ƙananan layuka huɗu a tsakani. Na farkon bakin PH2 yake so, na biyun PZ2. In ka musanya zai shiga fa, amma zai dinga tsalle yana gwaguye kan har ya zama ba mai iya kwance shi. Sukuru nawa na lalata kafin na lura, kar ku tambaya.

To sai bango. A bulo da filasta yana yi lafiya lau, ka sa shi a guduma da bakin bango mai 6mm, ka cusa robar nan da ake cewa fisha itama 6mm, shikenan. Sunan ma daga wani Bajamushe ne Artur Fischer da ya ƙirƙiro ta a 1958, ni da na ɗauka kalmar kasuwa ce kawai. Dabarar da ta taimake ni, ina auna tsawon robar a jikin bakin na naɗa salatif a wajen, da salatif ɗin ya taɓa bango na tsaya. Kuma ina liƙa ambulan a buɗe ƙasan inda zan huda, duk ƙurar ciki take zuba, wannan kaɗai ya raba ni da faɗan shara. Kanta huɗu na kafa a ɗakin ajiyar a yini ɗaya da batir ɗaya da ɗan wani abu, kuma har yau suna nan ɗauke da kaya ba wadda ta sunkuya, ban da ta farkon da ta ɗan karkace saboda da ido na auna, wannan laifina ne.

Inda ya bani kunya kankare ne. Sandar labule naje kafawa saman taga, ashe wajen zubin kankare ne, na danna na danna, ƙara kamar za'a rushe gidan, kusan minti goma ramin bai kai rabin ɗan yatsa ba, bakin yayi zafi har ya canza kala, batir ya sauka layi biyu. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe a harkar gini ya leƙo yace ɗana ajiye kar ka kashe injinka, wannan ba aikinsa bane. Ya aiko da nasa mai waya irin wanda ake kira SDS, wallahi ramin da na sha wahala a kai daƙiƙa kaɗan ya gama, kamar yana huda sabulu. Bambancin shine gudumar irin nawa wasu faifai biyu ne masu haƙora ke gogar juna suna ɗan girgiza bakin, shi kuwa SDS fistin ne a ciki ke dukan bakin da gaske. Saboda haka hoton gudumar nan da ke jiki kar ya yaudare ka in gidanka kankare ya yi yawa.

Bakunan kyautar kuwa, hmm. Na ƙarfe ya dakushe a huda ta uku, na bangon kansa ya gutsure a sati na biyu. Ka ɗauka babu su kawai, ka sayi set mai kyau daban, a nan ne aikin yake, da na canza baki sai naji kamar wani diril ɗin aka bani.

Batir bashi da matsala zuwa yanzu, wajen awa ɗaya yake cika, kuma samun biyu yafi samun babba ɗaya tunda ɗaya na aiki ɗaya na caji. Mai 4.0Ah zai kai kusan ninki biyu wajen daɗewa amma nauyi zai ƙaru, kuma in kana aiki hannu a sama minti biyar ma zakaji kafaɗarka. Kar dai ka bar shi cikin mota a rana ko ka ajiye shi wata da watanni babu caji ko kaɗan, irin batir ɗin waya ne, zafi ke kashe shi. 'Yar fitilar da ke ƙasan bakin na raina ta da farko, sai da na shiga ƙarƙashin sink naga amfaninta, duk da inuwar bakin kan rufe daidai wajen da kake son gani, abin haushi. Jakar ma zif ɗinta ya mutu tun wata na uku, yanzu a wani tsohon bokitin fenti nake zuba komai.

Abu ɗaya da zan roƙe ku, kar ku huda bango daidai saman soket ko makunni ko gefensu a miƙe, yawanci ta nan waya ke bi, haka bangon banɗaki da kicin akwai fayif. Ni in zan huda kusa da wajen wuta sai na kashe ta daga babban makunni tukuna, tunda mai batir ne ba ruwansa.

In aikinka irin nawa ne, kanta, labule, hoto, kabad, gado, to saya ba zaka yi nadama ba, ni da goma ce zan bashi takwas, biyun kankare da bakunan nan suka cinye. Ɗakin ajiyar yanzu ana ganin ƙasansa, fankar ma na kwance ta na cire sukurorin na zuba a gwangwani sauran na bayar. Matsalar da ta rage masu aro ne, yanzu haka yana gidan ƙanina tun ranar Talata da batir biyun duka, kuma ya daina ɗaga wayata.