Bargon guntaye ko 'yan huluna da safa? Ƙanwata ki yi bargon kawai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan ragowar ulun da kika ce ya cika miki Gana-mas-go kina tunanin ko bargo ɗaya zaki haɗa da shi ko ki dinga fitar da 'yan huluna da safan jarirai, ni dai bargon nace ki yi, kuma ba labari naji ba, duka biyun sun bi ta hannuna.

Nawa bargon lokacin kullen korona na 2020 nayi shi. Kin tuna yadda aka rufe Kaduna tun ƙarshen Maris, kasuwanni a garƙame, sai 'yan ranakun da aka ware a fita siyan abinci, to wa zaki cewa ulu kika fito nema? Ga hannuna ya saba, in ban riƙe kwarashi ba bayan isha'i ji nake kamar na manta wani abu a kan wuta. Dole na jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado na zazzage a kan tabarma, wallahi sai da kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki, akwai dunƙulen da ko takardarsa ban cire ba na ma manta da na siya, akwai ruwan ɗorawan da na siyo don suwaitar yarona tun yana rarrafe, a lokacin kuma yaron yana aji uku a firamare. Haka na fara saƙa 'yan fallen nan masu kusurwa huɗu da ake cewa giranni sukwaya, sarƙa huɗu a haɗe baki, sai saƙar da ake cewa dabul uku-uku a zagaye, in kala ta ƙare a tsakiya in ɗaura wata in ci gaba ba ruwana da ko sun dace. Azumin shekarar duk a kulle muka yi shi, bayan asuba in bacci ya ƙi zuwa sai in yi ɗaya, da la'asar kafin in shiga kicin in yi ɗaya, kafin in ankara na tara 96, kowane santimita 15, na jera takwas a faɗi sha biyu a tsawo ya tashi kusan santimita 120 da 180.

Innarmu na kaiwa. Ita da bata taɓa yaba saƙata ba, kullum cewa take wannan aikin marasa aikin yi ne, sai gata ta shimfiɗa shi a cinya tana bin fallen da yatsa tana cewa wannan koren ai na hular wane ne, wannan kuma shawul ɗin sunan wance, ta gane wajen guda goma ni da na saƙa ma na manta. Har yau in hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Janairu, shi take yafawa ta zauna lazimi da asuba, an wanke shi ban san adadi ba, gefe ɗaya ya ɗan tashi gashi amma ko falle ɗaya bai warware ba.

Su huluna da safa kuwa, eh, suna da sauri, dare ɗaya kin gama saiti, in barka ta taso miki ba shiri zasu fidda ke kunya. Iyakar yabon da zan musu kenan.

Don in niyyarki jakar ta ragu ne, ƙananan kaya ƙara mata ciki suke yi. Hular jariri bata cin rabin dunƙule, sai ta bar miki guntun da ya fi na da ƙanƙanta, kuma mai siye saiti take so, hula da safa da riga kala ɗaya, kin yi hular da safa ɗaya zaren ya ƙare, sai ki ce bari in leƙa kasuwa in ƙaro dunƙule ɗaya tak, ke da kanki kin san ba'a shiga layin masu ulu a fito da ɗaya. Ni haka tawa jakar ta cika tun farko. Sannan kasuwarsu ta wata uku ce, da zarar zafin Maris ya kunno kai babu uwar da zata sa wa ɗanta hular ulu sai jarirai sabbin haihuwa, ga 'yan gwanjon Kasuwar Barci da zasu zube mata na waje a farashin da ko kuɗin zarenki bai kai ba, ki faɗi kuɗin aikinki a ce miki "haba Anti, wannan ɗan abin?" Bargon guntaye shi ba ya tambayar kala, ba ya tambayar saiz, guntun da bai wuce kamu biyar ba ma zai yi miki zagayen tsakiya na falle ɗaya. Kuma tunda falle-falle ne ba zai zauna miki a cinya yana dafa ki ba ko a watan Afirilu kike saƙa, ki jefa kwarashi da dunƙule biyu a jaka ki yi a layin asibiti ko gidan biki kafin a kawo amarya. Inda ya fi huluna wahala guri ɗaya ne, jelar zare. Kowane canjin kala jela biyu yake bari, ni na tara nawa nace sai ƙarshe, sati biyu nayi da basilla ina ɓoye su har idona ya fara ruwa, ke kam kina gama falle ki ɓoye nasa kafin ki ɗauki wani.

Amma kafin ki sa kwarashi ki zauna ki ware zaren, kar ki yi irin gangancina. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya bane, akirilik ne, zaren roba da ake yi daga sinadaran man fetur, sai kuma auduga da irin milik kotin ɗin nan da ake shigowa da shi daga Chaina. In takardar ta ɓace ki yanki ɗan guntu ki kyasta masa ashana a kan faranti, a tsakar gida ba kusa da labule ba. Auduga zata ci kamar takarda, ƙaurinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi da zaki murje da yatsa. Roba narkewa zata yi ta dunƙule ta zama baƙin ƙullutu mai tauri da warin leda. In kin ji ƙaurin babbakar gashi to ulun gaske ne, ki ware shi ki adana da kyau don shi ne asu yake ci. Dalilin warewar, auduga tana ɗan tsukewa a wanki kuma ta fi nauyi in ta sha ruwa, roba bata tsukewa, in kika gauraya su wankin farko wasu fallen zasu shige ciki wasu su saki bargon ya karkace. Ni falle huɗu na kwance saboda haka. Masu sirantaka ki ninka biyu su kamo kaurin sauran, kwarashi ɗaya zaki riƙe daga farko har ƙarshe, ni mai milimita 4 nayi da shi, kuma ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa guntu a ruwan ɗumi da farin ƙyalle ki gani ko yana zuba. Audugar da kika ware, to ita ce zan yarda ki yi ƙananan kaya da ita, abin sauke tukunya, abin ɗora kofi, soson wanka na yara, don ita zafi ba ya narka ta. Na roba ko kusa da tukunya kar ya je.

Haka shi ma bargon in kin gama, kar a ɗora shi a kabbasa garwashi na ci sosai, kar a goge da dutsen guga mai zafi. Wata maƙwabciyarmu ta so ta turara shawul ɗin jaririnta ranar suna, kafin ta juya ta ɗauko ɗankwali tsakiyar ta narke ta yi rami kamar an ɗora sigari. In turare kike so ki bari wutar ta mutu sai hayaƙi, ki riƙe shi daga nesa.

Abu ɗaya na yarda ki siya, zaren haɗi. Kala ɗaya, baƙi ko madara ko ruwan toka, da shi zaki zagaye kowane falle ki kuma haɗa su, shi ne yake sa hargitsin kalolin ya zama kamar da gangan kika tsara. Ki saƙa falle ɗaya da zagayensa ki ɗora a sikelin kicin, ki warware zagayen ki sake aunawa, bambancin ki ninka da yawan fallen ki ƙara kaɗan na haɗi da baki, shi ne abin da zaki siyo, a siye ɗaya, ki duba lambar rinin da ke jikin takardar ta zama iri ɗaya, don baƙi ma baƙi-baƙi ne, da daddare zaki ga ɗaya ne sai kin shanya a rana ki ga wani ya yi ja-ja.

To nan ne zan ja miki kunne duk da baki tambaya ba. Masu siyar da zare akwai na Allah, akwai kuma waɗanda sai addu'a. Na taɓa ganin talla a WhatsApp wai kwantan zare ne na wani shago da zai tashi, kilo-kilo a araha, hoton kamar a lashe, na tura kuɗi har da na mota. Abin da ya iso leda ce ta tarkacen da aka kwance daga tsoffin suwaitu, duk ya nannaɗe kamar indomi, ga warin fumfuna alamar damina ta wuce a kansa, dunƙule uku dana warware kwali na tarar an cusa a ciki don ya yi girma. Na kira lambar sau ɗaya ta shiga, daga nan shikenan. Araha bata ado, na sani, amma kwaɗayi ya rufe min ido. Ko a cikin kasuwa ma ki lura, ko Kasuwar Gumi kika shiga ko ta Kawo, a ko'ina za'a iya samun mai miƙo miki roba zalla ya rantse kotin ne, wato auduga, don ya ga yana da laushi, ko dunƙulen da aka rubuta giram 50 an zare kaɗan an mayar da takardar. Ki matsa dunƙulen da hannu ki ji cikinsa, ki ce a ɗora a sikeli a gabanki, in kotin aka ce ki roƙi ɗan guntu ki gwada da ashana kafin ki ɗauki dozin. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, wanda nake siya a gurinsa yanzu shi da kansa yake miƙo min almakashi. Na intanet kuwa in ba wadda wata a cikinmu masu saƙa ta taɓa siya a hannunta bace, ki ce a yi miki bidiyo da zaren a kan sikeli, ta ƙi ki barta.

In kina ganin 96 ya miki yawa ki fara da na jariri, shida da shida, 36 kenan, wajen santimita 90 kowane gefe, ko falle ɗaya kike yi a rana kin gama cikin sati biyar da kwana ɗaya, kuma in zaren bai ƙare ba sai ki ƙara layi ya girma tare da yaron. Ki zazzage jakar yau a kan farin zanin gado ki ɗauki hoto da rana ki turo, zan gaya miki ko baƙi ne zai haɗa su ko madara. Kuma ranar siyan zaren haɗin ki aiki wani da kuɗin daidai, ke kar ki je.